Ƙari a Gidan Kari: Malamin Kiɗan da Aka Yi wa Tiyatar Ƙwaƙwalwa Idonsa Biyu

Wannan bayani ne a kan wani matashi, malamin kiɗa a jihar New York ta Amurka, wanda aka gano ƙari a ƙwaƙwalwarsa a 2015, aka cire shi a 2016 a asibitin Jami'ar Rochester. Masanan da suka yi aikin sun wallafa abin da suka gano a mujallar kimiyya ta Current Biology a 2017 ba tare da sun kama sunansa ba, mu ma a nan ba za mu kama ba.

## Kafin ciwon ya bayyana

A 2015 shekararsa 25. Yana koyar da kiɗa a wata makaranta a matsayin malamin wucin gadi, yana kuma dab da kammala digirinsa na biyu a fannin koyar da kiɗa. Abin busarsa sakisofon ne, wani kayan busa na ƙarfe mai lanƙwasasshen baki da maɓallai da yawa, wanda ake ratayawa a wuya a riƙe da hannu biyu.

Sana'ar malamin kiɗa a kunne take. Ɗalibi ya busa, malam ya ji inda sautin ya kauce, ya rera masa daidai, ɗalibi ya maimaita. Duk wanda ya rasa ikon jin kari (wato hawa da saukar sautin waƙa), ya riƙe shi a ka na ɗan lokaci, sannan ya mayar da shi yadda ya ji, to ya bar wannan sana'a ko da hannuwansa da bakinsa lafiya lau suke.

## 2015: ranar da abin ya fara

A farkon rabin 2015, sanyi ya fara sakin garin, yana zaune a wani ɗan ofis na makarantar yana aikin kammala digirinsa, sai ya soma gani da jin abubuwan da shi kansa ya san babu su. Jiri ya kwashe shi, zuciyarsa ta tashi. A ranar ya je wani asibiti da ke kusa, aka ɗauki hoton kansa da na'urar CT, aka ga wani curi a ɓarin dama na ƙwaƙwalwarsa, saitin kunne.

Ƙari idan ya tsiro kusa da ɓawon ƙwaƙwalwa yakan hargitsa lantarkin ƙwayoyin jijiyar da ke kewaye da shi. Idan wurin na ji ne, sai mutum ya ji sautin da babu mai yin sa. Sau da yawa da irin wannan ƙaramar farfaɗiya, wadda ba lallai ta kayar da mutum ƙasa ba, ake fara sanin akwai ƙari.

Likitoci sun gaya masa cewa ƙarin ba mai saurin yaɗuwa ba ne, ga dukkan alamu tun yana yaro yake girma a hankali, kuma yana wurin da wuƙar tiyata za ta kai ba da wahala ba. Sai dai wurin da ya zauna, nan ne aka daɗe ana dangantawa da sarrafa kiɗa. Aka tura shi Rochester, wurin likitan tiyatar ƙwaƙwalwa Webster Pilcher.

## Inda ƙarin ya zauna

Sauti girgizar iska ce. Tana bugun dodon kunne, ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa ta zuwa wani bututu mai ruwa a ciki wanda ya naɗe kamar katantanwa. A cikin bututun akwai ƙwayoyi masu gashi a jere, kimanin 3,500 daga cikinsu su ne ke ɗauke da nauyin aika saƙo zuwa jijiyar ji. Na bakin katantanwar suna amsa siririn sauti, na can ƙurya suna amsa mai kauri. Kunnen matashi mai lafiya yana kama girgiza daga 20 zuwa 20,000 a sakan ɗaya. Saƙon yana hawa ta tushen ƙwaƙwalwa, ya yada zango a tsakiyarta, sannan ya isa ɓawonta a saitin kunnuwa biyu, dama da hagu.

Har zuwa nan, kiɗa da magana da kukan jaki hanya ɗaya suke bi. Daga nan ake fara rabon aiki.

Saman ƙwaƙwalwa kunya-kunya yake kamar gonar da aka yi wa huɗa. A ɓangaren da ke saitin kunne akwai manyan kunyoyi uku a kwance, kuma ta sama ita ce ta ji. A mafi yawan mutane, ƙarshen wannan kunya ta ɓarin hagu yana cikin wuraren da ke warware ma'anar magana. Takwararta ta dama kuwa ta fi ƙwarewa a bin hawa da saukar sauti. A jikin ta daman ƙarin malamin yake.

An daɗe da sanin cewa waƙa da magana suna iya rabuwa. Tun 1745 aka rubuta labarin wani mutum a Suwidin da ciwo ya shanye masa ɓarin dama, bakinsa ya kulle ba ya iya cewa komai sai "i", amma yana rera waƙoƙin cocin da ya sani tun da. Masu jinyar waɗanda suka samu shanyewar ɓarin jiki a kowace ƙasa sukan ci karo da irin wannan: mutum ba ya iya neman ruwa da bakinsa, amma a ɗauko abin da ya haddace da rerawa sai ya bi. Vissarion Shebalin, mai tsara kiɗa a Rasha, jini ya buge masa ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa a 1959 har magana ta gagare shi, duk da haka ya ci gaba da tsara kiɗa har rasuwarsa a 1963.

Akasin haka shi ne abin tsoro ga malamin. A 1962 Brenda Milner, a birnin Montreal na Kanada, ta gwada marasa lafiyar da aka yanke wa sashen ƙwaƙwalwa na saitin kunne don maganin farfaɗiya. Waɗanda aka yanke wa na dama sun koma baya wajen tuna gajeren jerin sauti, da kuma wajen gane abin nan da ke sa a bambanta goge da sarewa ko da sauti ɗaya suka fitar. Waɗanda aka yanke wa na hagu ba su nuna irin wannan koma-baya ba. Akwai ma waɗanda rauni a ƙwaƙwalwa ke bari suna hira garau, suna gane muryar kowa, amma waƙar da suka tashi da ita ba su ƙara gane ta ba, wasunsu ma kiɗa ya koma musu kamar ana kwankwatsa kwanuka.

## Hanyoyin da aka saba, da inda suka gaza

Tiyatar ƙwaƙwalwa mutum yana farke ba sabon abu ba ne. Wilder Penfield ya shahara da ita a Montreal tun shekarun 1930. Abin da ya sa take yiwuwa shi ne ita ƙwaƙwalwar ba ta da jijiyoyin jin zafi; fatar kai da tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwar su ke ji, su kuma allura tana kashe su. Likita yakan ɗora bakin wani ɗan ƙarfe a kan ƙwaƙwalwa ya saki lantarki kaɗan na 'yan sakanni, wurin ya daina aiki na wannan ɗan lokaci. Idan mara lafiya yana ƙirga ko yana faɗin sunan hoton da aka nuna masa sai ya tsaya cak, an gane ba a taɓa nan. Sai a ɗora ƙaramar takarda mai lamba a wurin, a matsa gaba.

Gwaje-gwajen da aka tanada don wannan aiki kusan duk na magana ne da motsin gaɓɓai. Shi ya sa an fi tayar da mara lafiya idan ƙarin yana hagu. Ƙarin da ke dama saitin kunne kuwa, an saba a sa mutum barci gaba ɗaya a cire, tunda ba a tsoron ya tashi bebe ko shanyayye. Da an bi wannan hanya da malamin, zai iya farkawa yana magana yana tafiya, a rubuta cewa tiyata ta yi kyau, sai ya koma aji sannan ya tarar kunnen sana'arsa ya tafi.

Dogaro da taswirar littafi ma bai wadatar ba. Tsarin ƙwaƙwalwar mutane iri ɗaya ne a dunƙule, amma takamaiman wurin da wani aiki yake yakan gusa da santimita ɗaya ko biyu, ko ma fiye, daga mutum zuwa mutum. George Ojemann ya nuna haka a 1989 da ya tattara taswirar magana ta marasa lafiya 117. Ga ƙari kuma wanda ya shekara da shekaru yana girma, yana ture maƙwabtansa gefe. A aikin da ake auna shi da milimita, santimita biyu tafiya ce mai nisa.

Saura abin da kowa zai fara kawowa: a sa shi ya rera waƙar da ya sani ana taɓa wuraren. An taɓa yin haka da wasu marasa lafiya a baya, an kuma taɓa gwada karanta rubutun kiɗa. Masanan Rochester sun ajiye wannan gefe, kuma sun faɗi dalilinsu. Mutanen da suka rasa ikon sarrafa kari, ko haihuwarsu aka yi da haka ko rauni ne ya jawo, sukan kasa rera kari tsurarsa, amma a ba su sananniyar waƙa da baitocinta sai su iya. Kalmomin da suka zauna a baki su ke jan muryar. Ke nan ana iya kashe wurin kari da lantarki, mutum ya ci gaba da rera waƙarsa, likita ya ɗauka wurin ba shi da amfani ya yanke.

## 2015 zuwa 2016: zana taswirarsa shi kaɗai

Pilcher ya kira Bradford Mahon, masanin ayyukan ƙwaƙwalwa da suke gudanar da shirin zana taswirar marasa lafiya kafin tiyata tare. Mahon kuma ya nemo Elizabeth Marvin, farfesar ilimin kiɗa a makarantar kiɗa ta Eastman, wadda reshe ce ta jami'ar. Tare suka tsara gwaji mai sauƙin bayani. Za a kunna masa ɗan guntun kari, ya saurara, ya mayar da shi ta hanci, bakinsa a rufe, babu kalma ko ɗaya. Sai a kunna masa jimla, ya saurara, ya maimaita ta. Haka za a yi ta sassaɓawa. An haɗa masa da faɗin sunayen abubuwa.

Ayyukan biyu sun yi tarayya a kusan komai: duka akwai saurare, akwai riƙewa, akwai fitar da murya. Bambancin kawai, ɗaya kari ne ɗaya magana. Duk abin da ya bambanta a ƙwaƙwalwa, daga nan ya fito.

Ya yi gwajin a kwance cikin na'urar MRI irin wadda ke bin sawun jini. Wurin da ke aiki a ƙwaƙwalwa yana janyo ƙarin jini mai iskar oksijin, kuma na'urar tana ganin wannan bayan 'yan sakanni. Da aka cire hoton lokacin magana daga hoton lokacin kari, wurin da ya rage yana haske shi ne kunyar sama ta dama. Aka ɗora wannan a kan hoton ƙarin, aka samu taswira mai tsawo da faɗi da zurfi wadda likita zai duba a ɗakin tiyata.

Ita ma taswirar tana da iyaka. Tana nuna wuraren da suka motsa lokacin aikin, ba ta nuna wanda in babu shi aikin zai tsaya. Ganin mutum a wurin ɗaurin aure ba ya nuna shi ne waliyyi. Bayan haka, da zarar an buɗe ƙoƙon kai ruwan da ƙwaƙwalwa ke kwance a ciki ya ragu, takan ɗan gusa daga inda hoto ya same ta. Don haka dole a maimaita gwajin a kan teburin tiyata, lantarki ya tantance abin da hoto ya nuna.

## Matsalar abin busa

Masanan sun so su ga ƙarin abu guda kafin a rufe kan: ko zai iya busa sakisofon ɗinsa. A nan aka ci karo da cikas biyu. Za a kwantar da shi ne a kan gefensa, kansa a ɗaure, alhali kayan busar an ƙera shi ne don wanda ke tsaye ko zaune. Na biyun ya fi haɗari. Dogon sauti yana buƙatar a cika huhu a matse numfashi, kuma duk wanda ya taɓa kallon mai algaita kumatunsa sun kumbura jijiyoyin wuyansa sun miƙe ya ga abin da ake nufi. Irin wannan yunƙuri yana hana jini saukowa daga kai, matsi ya ƙaru a ciki. Ga wanda aka cire wa ɓallin ƙashin kai, ƙwaƙwalwar tana iya kumburowa ta kafar.

Shi da Marvin suka zaɓi wata waƙar gargajiya ta Koriya, suka gyara ta yadda za ta busu da gajeren numfashi marar zurfi.

## 2016: a ɗakin tiyata

Aka buɗe ɓarin dama na kansa, yana farke, Marvin tana cikin ɗakin. Aikinta shi ne ta saurari kowane karin da ya mayar ta yanke hukunci nan take ko daidai ne ko ya kauce, domin likitan tiyata ba lallai kunnensa ya kama ƙaramin kuskuren da farfesar kiɗa za ta kama ba. Aka ci gaba da sassaɓa kari da jimla kamar yadda aka yi a cikin na'ura, Pilcher yana taɓa wurare ɗaya bayan ɗaya.

Da lantarki ya taɓa kunyar sama ta dama yana cikin mayar da kari, abu biyu aka gani. Wani lokaci rerawar ta tsaya cak. Wani lokaci ta ci gaba amma sautin ya kauce, ya hau inda ya kamata ya sauka ko ya sauka a inda ba nan ba. Da aka taɓa wurin yana maimaita jimla, maganarsa ba ta ko girgiza ba. Da an ɗauke lantarki kuma sai kari ya dawo.

Wannan ya fitar da iyakar da ba za a ƙetare ba. Pilcher ya cire ƙarin ya bar wuraren da suka amsa. Bayan an gama cirewa aka miƙa wa malamin sakisofon ɗinsa, yana kwance a gefensa ya busa waƙar daga farko har ƙarshe babu tuntuɓe, mutanen da ke ɗakin suka tafa masa.

## Bayan tiyata

Ya warke, kuma cikin 'yan watanni ya koma koyar da kiɗa. A 2017 rahoton ya fito, Frank Garcea, wanda a lokacin ɗalibi ne a ɗakin binciken Mahon, shi ne sunan farko a kai. Abin da suka ce sun samu shi ne hujja ta kai tsaye cewa kunyar sama ta dama tana da aiki na musamman wajen sarrafa kari, kuma wannan aiki a rabe yake da na magana.

A 2020 wani bincike daga Montreal, na Philippe Albouy da Robert Zatorre da abokan aikinsu, ya ba da bayanin da ya dace da wannan. Sun haɗa jimloli 10 da kari 10 suka samar da gajerun waƙoƙi 100. Da suka dusashe saurin canjin sautin, masu saurare sun kasa gane kalmomi amma sun gane kari. Da suka dusashe bambancin kauri da sirantarsa, sai abin ya juya. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna hagu ce ke dogara da na farko, dama da na biyu.

## Abin da lamarin ya nuna

Busar sakisofon ita ce ta zaga duniya a jaridu da talabijin, amma a ganina ita ce mafi ƙarancin nauyi a cikin hujjojin. An yi ta ne bayan an riga an yanke abin da za a yanke, kuma waƙa ce da ya maimaita har ta zauna a yatsunsa. Tana da irin raunin da ya sa aka ƙi dogara da sananniyar waƙa tun farko. Abin da ya tsare masa sana'a shi ne rerawar nan ta hanci marar armashi, domin ita kaɗai ce ba ta da kalma ko sabon hannu da za ta jingina da su, sai kuma jimlar da aka jera kusa da ita. Ba don jimlar ba, da rerawa ta tsaya ana iya cewa lantarki ne ya rikita masa hankali ko ya riƙe masa maƙogwaro. Tunda magana ta wuce lafiya a wuri ɗaya da lantarki ɗaya, wannan zargi ya faɗi.

Ya kuma yi sa'a ta fuskoki da ba kowa ke samu ba: ƙari mai tafiyar hawainiya wanda ya ba da watannin shiri, da jami'ar da asibitinta da makarantar kiɗanta suke gari ɗaya.

Kada a ɗauka an gano "gidan kiɗa" a ƙwaƙwalwa. Mutum ɗaya ne, kuma ƙwararre wanda shekarun horo suka riga suka sarrafa masa ƙwaƙwalwa. Abin da aka auna ma reshe ɗaya ne. Bin bugu, wato abin da ke sa ƙafa ta fara motsi kafin mutum ya ankara, yana tayar da wuraren da ke tsara motsin jiki, har da na can ciki da na ƙeya, ko da mai saurare yana zaune bai motsa ba. Daɗin da ke sa tsigar jiki ta tashi kuma yana tafiya da sinadarin dofamin a wuraren da ke amsa abinci mai daɗi, kamar yadda wani binciken Montreal ya nuna a 2011. Mu da idan muka ce kiɗa ganga ce ke fara zuwa mana a rai, ya kamata mu lura cewa da makaɗin ganga ne a kan teburin, gwajin nan zai iya wuce abin da yake ci da shi bai taɓa ba.

Akwai kuma abin da Turanci ya sauƙaƙa wa masanan. A Turanci hawa da saukar murya ba ya canza kalma zuwa wata, shi ya sa raba kari da jimla ya fita tsaf. A Hausa karin sauti yana cikin jikin kalmar: shi ke raba kuka ta miya da kukan yaro, ya raba wuya na jiki da wuyar aiki. Binciken da aka yi a kan masu harshen Tai da Sinanci ya nuna cewa idan hawa da saukar sauti yana ɗauke da ma'anar kalma, ɓarin hagu yana shiga aikin sosai ga wanda harshensa ne, alhali wanda bai ji harshen ba yana karkata dama da sautin nan ɗaya. Idan Bahaushe ne za a yi wa irin wannan tiyata, sai mai sauraren ya kasance yana jin karin kowace kalma a jimlar da aka maimaita, kamar yadda Marvin ke jin karin waƙa. Idan kuwa makaɗin kalangu ne, wanda yake matsa tsarkiya a hammata har fata ta faɗi kirari masu saurare su ji kalmomi, sai an sake tsara gwajin daga tushe, domin abin da zai mayar kari ne kuma jimla ce a bugu ɗaya.